DAGA MAGAMI ZUWA KUFAN 'YANDOTO A KAN KEKE: HANYAR DA ƘANENA BAI TAƁA BI BA

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda 'yan'uwan da suka ce data ba ta isarsu sauraron murya, da waɗanda sabis ɗin garinsu ba ya ɗauka. Na bar shi kusan yadda na faɗe shi, sai 'yan gyare-gyare.

Kwanakin baya muna zaune ƙofar gida a Gusau, ƙanena ya miƙo mini waya. Bidiyo ne na wasu matasa a ƙasar Ruwanda, sun hau kekuna suna ratsa duwatsu da gonaki, su hau tudu su gangara kwari, ƙura na tashi bayansu. Ya ce, "Yaya, dubi ƙasar mutane. Mu ba mu da irin wannan."

Wallahi maganar ta tsaya mini a rai. Yaron nan a Magami aka yanke masa cibi. Yana ƙarami muka tattaro muka dawo Gusau, kamar yadda gidaje da yawa suka yi. Dutsen Kwatarkwashi daga nesa kawai yake hango shi. Sunan 'Yandoto kuwa, in ya ji shi, to a labarin hari ne. Ni kuma ina da shekara 15 na bi hanyoyin nan a kan keke, ni da abokaina biyu, ba rakiya ba fargaba. Shekara goma da 'yan kai ne kawai tsakanina da shi, amma kamar ba ƙasa ɗaya muka tashi ba. Shi ya sa yau zan ɗauke ku mu bi wannan hanya da baki, mu ga abin da ke kwance a gefenta.

Bari in fara da shi wasan, don mu san abin da ake magana a kai. Tseren keken hawan dutse ya samo asali ne a jihar Kalifoniya ta Amurka, a shekarun 1970. Wasu samari, cikinsu har da Gary Fisher da Joe Breeze, suka riƙa ɗauko tsofaffin kekuna masu kaurin taya suna gangarowa da su daga duwatsun yankin Marin. A 1976 suka fara tseren da ake kira Repack. Daga baya aka ƙera keke na musamman, mai giya da yawa da birki mai ƙarfi. A 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Atlanta. Ku lura da shekarar, ita ce shekarar da Janar Sani Abacha ya ƙirƙiro jihar Zamfara daga tsohuwar jihar Sakkwato, ranar 1 ga Oktoba.

To amma hawa tudu da keke, kakanninmu sun riga su, sai dai su neman abinci ya sa su. Kakana yana da wani baƙin keke Raleigh, wanda mu nan muke ce ma Rali. Da kuɗin gyaɗa da auduga ya saye shi. A zamaninsu Gusau ta zama babbar kasuwar amfanin gona, saboda layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtua da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Kamfunan Turawa suka buɗe kantuna, aka kafa injin gurzar auduga, kuɗi ya shiga hannun manomi. Wanda kakarsa ta yi kyau, abu na farko da yake hari shi ne keke. Har lasin ake yanka masa a wurin En'e. Kakana yakan ɗaura buhu a kariya, ya bi turba da burtali, ya tsallake rafi da keken a kafaɗa, ya kai kasuwa ya dawo. Kekensa ba giya, in tudu ya yi tsayi sai ya sauka ya tura.

Shi ne ya sa mana son wannan tafiya. A hutun ƙarshen zango na 2011, bayan an cire amfanin gona, muka ce za mu je Tsafe a kan keke. Mahaifiyata ta ce ba ta san zancen ba. Kaka ya ce a bar mu. Ya kira ni ya ce, "Kai ɗan nema, ku ɗauki famfo da kayan faci. In kun ishe dattijo bakin hanya ku sauka ku gaishe shi, shi ka gwada muku hanya. In kun kai Kwatarkwashi kuma, ku yi ma Waziri addu'a." Na ce, "Wane Waziri, Kaka?" Ya yi dariya ya ce, "In ka kai ka tambaya."

Da asuba muka bar Magami muka miƙi hanyar Gusau. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Tudu ne da gangare, jar ƙasa, kwazazzabai da ruwan damina ya zaizaye, ga duwatsu jefi-jefi sun tsaya a tsakiyar gonaki. Inda muka ga turba ta yanke sai mu bar titi mu bi ta. Muka ratsa karan dawa da aka tara, muka sha fura a wata ruga, matar ta ƙi karɓar kuɗinmu. Ina so masu sauraro su riƙe wannan: yara uku Hausawa, a rugar Fulani, a dajin Magami, aka ba mu fura kyauta aka yi mana addu'ar sauka lafiya. Kaca ta tsinke wa ɗayanmu, wani mai faci a ƙauye ya haɗa mana ita. Da la'asar sakaliya muka shiga Gusau, muka kwana gidan kawuna.

Washegari muka kama hanyar Zariya. Ba ka daɗe da fita gari ba Dutsen Kwatarkwashi zai cika maka ido. Mutane da yawa suna ɗauka Kwatarkwashi ƙarƙashin Gusau take saboda kusanci, alhali a ƙaramar hukumar Bunguɗu take, kuma tana da masarautarta. Gari ne da ya girmi Gusau nesa ba kusa ba. Muka jingine kekuna a gindin dutse, muka sami wani dattijo yana saƙar igiya a inuwa, muka durƙusa muka gaishe shi kamar yadda aka yi mana umarni. Shi ya gaya mana cewa mutanen farko a jikin dutsen suka zauna, domin mahayin doki ba ya iya bin ka can. Ya ba mu labarin bikin kamun maiki da aka san garin da shi tun zamanin Maguzanci, lokacin da samari ke hawa ƙololuwa su kamo tsuntsun da rai. Ya ce da aka sami kwanciyar hankali, sannu a hankali kowa ya gangaro kusa da gona da hanya.

Muka hau iyakar inda ƙafa ta iya kai mu. Daga sama kana ganin titi kamar zare, motoci kamar tururuwa, Gusau can ta yamma cikin hazo. Da muka sauko na ce, "Baba, wane ne Wazirin da ake yi wa addu'a a nan?"

Ga abin da ya faɗa, ga kuma abin da na ƙara sani da na shiga jami'a. A farkon 1903 Sarkin Kano Alu ya tafi Sakkwato da manyan mutanensa, domin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru. Suna can Turawa suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. A kan hanyar dawowa, cikin ƙasar Zamfara, Alu ya rabu da rundunar cikin dare, jama'a suka wayi gari ba sarki. Suka kasu. Wambai Abbas ya ja wasu zuwa Kano, shi ne Turawa suka naɗa sarki daga baya. Waziri Ahmadu, ɗan'uwan Alu, ya zaɓi faɗa. A ƙarshen watan Fabrairu, a wajen Kwatarkwashi, dawakin Kano suka yi karo da wata ƙaramar rundunar Turawa ƙarƙashin Laftana Wallace Wright. Sojojin ba su kai 50 ba, amma suna da bindigogin zamani. Suka yi sahu mai kusurwa huɗu, mahaya suna kawo hari ana zubar da su. A nan Waziri Ahmadu ya faɗi, shi ya sa Kanawa ke kiransa Mai Shahada. Shi kuwa Wright, Ingila ta ba shi lambar Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a wurinsu. Bayan 'yan makonni, ranar 15 ga Maris, Sakkwato ta faɗi.

Ku duba wannan lamari. A littattafan sojan Ingila an rubuta sunan wannan wuri. A Kano ana tuna Waziri. Mu da abin ya faru a gonakinmu, na gama firamare na shiga sakandare ban taɓa jin labarin a aji ba. Keke ne ya kai ni, dattijo mai saƙar igiya ya karantar da ni.

Daga nan muka ci gaba gabas, muka nufi Tsafe. Kafin ka shiga Tsafe akwai 'Yandoton Daji. Yau in ka wuce a mota ba abin da zai tsayar da kai. Amma tsohuwar 'Yandoto tana cikin manyan cibiyoyin ilimi na ƙasar Hausa, ɗaruruwan shekaru kafin jihadi. Wannan yanki duka a da kudancin ƙasar Katsina ne, wanda ake kira Katsina Laka. Shi ya sa har gobe sarautar Gusau sunanta Sarkin Katsinan Gusau, ta Tsafe kuma 'Yandoton Tsafe. Sunayen sarautun kansu tarihi ne, mu ne ba mu tsaya mun tambaya ba. A labarin baka na Katsina, Korau, wanda ya kayar da Sanau a kokawa ya karɓi sarauta, daga 'Yandoto ya fito. Shi ne Muhammadu Korau da ake lissafawa a matsayin Sarkin Katsina Musulmi na farko, a ƙarni na 15. Wanda ke son zurfafawa ya nemi littafin marigayi Dakta Yusufu Bala Usman a kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda ya fito a 1981.

Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi a 1804, malaman 'Yandoto suka rabu. Wasu suka bi Shehu, da yawa suka ƙi. Wajen 1806 Muhammadu Bello ya iso da runduna. A Infaƙul Maisuri ya ba da nasa bayanin, cewa ya nemi a zauna a yi muƙabala da hujja, suka ƙi, sannan aka ci garin. Malamai suka watse. A wasiƙun da suka yi musaya da Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno, akwai zargin cewa masu jihadi sun wulaƙanta littattafai. Bello ya musa cewa da gangan ne, ya ce shi da kansa ya bi takardun da iska ta watsa yana tsincewa. Masana da dama suna danganta wannan da abin da ya faru a 'Yandoto. Ni ba alƙali ba ne tsakanin waɗannan bayin Allah, dukkansu sun fi ni sani da tsoron Allah. Abin da na ɗauka shi ne, gari mai ɗaruruwan shekaru yana karantarwa yana iya zama kufai cikin ɗan lokaci. Kuma daga cikin mutanen 'Yandoto da suka bi Shehu ne aka sami Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau. Wato Gusau da muke taƙama da ita, jikar wannan kufai ce.

Wani manomi ya bar aikinsa ya zagaya da mu. Ba gini, ba allo, ba alamar hukuma. Manyan kukoki ne, da tudun ƙasa, da fasassun tukwane da garma ke tonowa. Ya nuna wani wuri da sandarsa ya ce a nan kakanninsa suka ce malamai ke zama. Muna yara, mun fi damuwa da yunwa da tayar da ta sace. Muka ƙarasa Tsafe, garin da ke kwance a gindin nasa duwatsun, muka ci tuwo a tasha, muka kwana gidan 'yan'uwan abokina. Kwana huɗu muka yi kafin mu koma Magami, ƙafafu sun kumbura, baki ya ƙi rufuwa.

To jama'a, me na fahimta daga wannan tafiya, yanzu da na girma?

Tarihin wannan yanki namu yana kai da komo ne tsakanin dutse da hanya. In tsoro ya yi yawa, mutane su hau dutse ko su shige bayan ganuwa. In hankali ya kwanta, su gangaro su kama hanya, kasuwa ta ci, almajiri ya tafi neman karatu, fatake su wuce. 'Yandoto ta yi girma ne domin hanyoyi a buɗe suke, ɗalibi na iya tasowa daga nesa ya iso. Kwatarkwashi ta rayu ne domin tana da wurin ɓuya ranar da hanya ta ɓaci. Zamanin kakana zamanin hanya ne. Ni na tsinci ƙarshensa. Ƙanena kuwa ya tashi a zamanin ɓuya, sai dai yanzu dutsen da muke gudu mu hau shi ne cikin garin Gusau, duwatsun da dazukan kuma wasu ne suka riƙe su.

Ba sai na gaya wa ɗan Magami halin da hanyar Gusau zuwa Ɗansadau ke ciki ba. Hanyar da muka bi mu uku da famfo da gorar ruwa, an kai lokacin da sai an tara motoci an jira rakiyar sojoji. A watan Afrilu 2014 aka yi kisan 'Yargaladima a yankin Ɗansadau, daga nan kowa ya san abin ya wuce satar shanu. A watan Satumba 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, aka rufe layukan waya a faɗin jihar, aka dakatar da kasuwannin mako, aka taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da mai a jarka. A lokacin na ga mutane sun kakkaɓe tsofaffin kekuna sun koma kansu, masu faci suka sami kasuwa. Na yi dariya, na kuma ji hawaye. Keken da kakana ya hau don arziki ya samu, shi jikokinsa suka koma hawa don dole.

Rugar da aka ba mu fura, ban san inda mutanenta suke ba yau. Na sha tambayar kaina, yaran da muka gani suna wasa a bakin garke, wanne ne aka kashe wa uba, wanne ne ya gudu, wanne ne ya ɗauki bindiga. Duk wanda ya ce maka wannan masifa ƙabila ɗaya ta ci, bai zauna a ƙauye ba.

Akwai hasarar da ba a lissafawa in ana ƙidayar gawa da shanu da kuɗin fansa. Tarihinmu mafi yawansa ba a takarda yake ba. Yana bakin dattawa, kuma yana manne da wuri: wannan kukar, wancan tudun, wannan mashigin. In dattijo ya yi gudun hijira ya zauna a kangon gini a Gusau, ba zai iya nuna maka kukar da sanda ba. In ya rasu, shi ke nan. Kakana ya rasu a Gusau, bai sake ganin gonarsa ba. A 2022 Sarkin Kwatarkwashi Alhaji Ahmad Umar ya rasu bayan shekara 61 a kan gadon sarauta. Ku yi tunanin abin da mutum irin wannan ya tafi da shi a ƙirjinsa. Takardun 'Yandoto iska ta watsa, aka sami mai tsincewa. Namu da ke watsewa yanzu, wa ke tsince su?

Bari in koma kan bidiyon ƙanena. Ruwandar da yake sha'awa, a 1994 an kashe mutane wajen 800,000 a cikinta cikin kwana 100. Akwai wani ɗan tseren kekensu, Adrien Niyonshuti, wanda ya rasa 'yan'uwansa shida a wannan kisa. A 2012 shi ya riƙe tutar ƙasarsa a Olamfik na Landan, ya kuma yi tseren keken hawan dutse. Suna da hanyar keke da ƙafa mai tsawon kilomita 227 a gefen tafkin Kivu, baƙi na zuwa suna kwana a ƙauyuka suna kashe kuɗi. A watan Satumba 2025 Kigali ta karɓi gasar duniya ta tseren keke a kan titi, karo na farko a Afirka. Ban ce komai nasu daidai ne ba, kuma ciwonsu daban namu daban. Abin da na gaya wa ƙanena shi ne, tudun da ka gani a bidiyon nan, an taɓa gudun tsira da rai a kansa.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Ban ce kowa ya ɗauki keke ya nufi daji ba. Wallahi kada ka je. Rai ya fi tarihi, kuma iyayenka sun sha isasshen kuka. Abin da nake roƙo abu ne da za a iya yi yau, a cikin gari.

Na farko, duk mai dattijo a gida, musamman waɗanda aka raba da ƙauyukansu, ya zauna da shi ya kunna rikodar waya. Ka tambaye shi hanyoyi: daga garinku zuwa kasuwa kaza ta ina ake bi, wane rafi ake tsallakewa, me ake kiran wancan dutsen, wa ya fara zama a wurin. Ka rubuta sunayen yadda ya faɗe su. Na biyu, malaman makaranta da ke saurarenmu, ko minti goma ne ku ba yara labarin 'Yandoto da Kwatarkwashi. Yaro ya san garinsu ya taɓa zama wurin da ake zuwa neman ilimi, kafin ya zama sunan da ake ji a labaran hari. Na uku, masarautunmu na Gusau da Tsafe da Kwatarkwashi da Bunguɗu, da hukumomin da abin ya shafa, a taimaka a killace waɗannan wurare a rubuce, a san iyakarsu, kafin garma da masu fasa dutse su gama da abin da ya rage.

Su kuma shugabanni, in sun zo suna gaya mana tsaro ya inganta, ni ma'aunina ɗaya ne. Ranar da uwa a Magami za ta bar ɗanta mai shekara 15 ya hau keke ya tafi Gusau shi kaɗai, ta kuma yi barcinta, ranar zan yarda.

Ralin kakana yana nan a zauren gidanmu, taya ta mutu, sirdi ya yage. Na ce wa ƙanena ya kai shi wurin mai gyara, ni zan biya. Ya ce, "Yaya, ina za ni da shi?" Na ce ya fara da zagaya unguwa, ƙafarsa ta saba. Na yi masa alkawari in Allah ya kawo mana sauƙi muna raye, ni da shi za mu hau Kwatarkwashi, mu yi wa Waziri addu'a, mu ƙarasa 'Yandoto.

Allah ya jiƙan magabatanmu. Allah ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya mayar da kowa gidansa da gonarsa, ya zaunar da Zamfara da ƙasa baki ɗaya lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.